Tankin murjani a falo: gyaran kaɗawar ruwa, Janairu zuwa Afrilu 2025

Asabar, 11 ga Janairu

Jan yauƙi ya shimfiɗu a kan yashin kusurwar hagu ta baya, har ya fara hawa gindin dutse. Duk mai kiwon murjani, halittar nan ta teku da ake rainonta a tankin gilashi mai ruwan gishiri, ya san shi. A ido sai ka ce gansakuka, amma ƙwayoyin bakteriya ne, sayanobakteriya, kuma ana gane su da 'yan ƙananan kumfa da ke maƙalewa a jikin shimfiɗar idan fitila ta jima a kunne. Na zuƙo ruwa da babban sirinji na fesa masa, ya ɗago gaba ɗaya ya naɗe, sai ga guiɓi toka-toka jibge a ƙarƙashi: kashin kifi, ragowar abinci, da majinar da murjani ke zubarwa. Akwai maganin da ake zubawa ya kashe shi. Ban saya ba. Abin da ya sa ya zaɓi wannan lungu ya bar sauran tankin shi ne ruwan wurin a kwance yake, magani kuwa ba ya motsa ruwa.

Ga fasalin tankin, tunda duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Tsawonsa santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, wato lita 300, ko da yake dutse da yashi sun cinye wajen lita 50. A cikin kabad ɗin da yake zaune a kai akwai ƙaramin tanki na ƙasa, inda ruwa ke gangarawa ta makwarara, injin kumfa ya tsame datti, sannan famfo ya mayar da shi sama. Gishiri kashi 35 cikin 1,000, abin da ma'auni ke nunawa 1.026. Zafi digiri 25 zuwa 26.

Mazauna: murjani iri-iri, wato Sarcophyton mai faffaɗan kai, Euphyllia iri biyu masu dogayen yatsu, Zoanthus, Discosoma, Montipora mai faranti, Seriatopora mai siraran rassa, da ɗan reshen Acropora da bai kai tsawon yatsa ba. Sai kifi Amphiprion guda biyu, masu ruwan lemo da fararen ratsi, da 'yan kifin Chromis, da katantanwa masu kiwon gansakuka.

Abin da ke motsa ruwa a yanzu famfo biyu ne kawai: mai dawo da ruwa daga ƙasa, da wani tsoho mai tsukakken baki da ke manne a gilashin dama.

Lahadi, 12 ga Janairu

A kwalin famfon dawowa an rubuta lita 3,000 a awa. Wannan adadi na famfon da ba ya ɗaga ruwa ko'ina ne, ba bututu, ba kwana. Nawa kuwa yana tura ruwa sama fiye da mita ɗaya, ta bututu mai gwiwa uku. Na zare bakin bututun, na sa tiyo zuwa bokiti mai lita 10 a daidai tsayin tankin, na danna agogon waya. Daƙiƙa 24. Lita 1,500 ke nan a awa, rabin abin da kwali ya faɗa.

Ban damu da wannan ba. Ruwan da ke ratsa tankin ƙasa ba a son ya yi gudu. Ninki uku zuwa biyar na girman tanki a awa ya isa, domin injin kumfa ya samu sukunin aiki. Nawa yana kan biyar daidai. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin tankin sama. Idan aka haɗa 1,500 da 2,500 na tsohon famfo, an samu 4,000, ninki 13 da 'yan kai. Ƙa'idar da masu wannan kiwo ke bi ita ce: murjani mai laushi ninki 10 zuwa 20, mai ƙashi da manyan bakuna irin Euphyllia 20 zuwa 30, masu ƙananan bakuna irin Acropora 40 ko sama da haka. Ni kuma na tara duka ukun a akwati ɗaya.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ɗaura zaren ɗinki fari, mai tsawon ɗan yatsa, a bakin dogon tsinke, na riƙa zura shi lungu-lungu ina kallo. A gaban tsohon famfo zaren yana miƙewa ƙyam yana karkarwa. Na matsa da shi gefe da taƙi ɗaya kacal, sai ya langwaɓe. A bayan dutse, da ƙarƙashin farantin Montipora, da duk ɓangaren hagu daga tsakiya zuwa ƙasa, zaren rataye yake abinsa. Famfon yana harba ruwa ne irin na wanda ya danne bakin tiyo da babban yatsa yana wankin mota: inda ya dosa ya sha duka, ko'ina ban da nan ko ɗigo. Ashe lita 2,500 ɗin gaskiya ce, amma a layi ɗaya siriri suke tafiya.

Bari in tsaya kan dalilin da ya sa wannan ya zama abin damuwa, domin mutane da yawa da suka zo gidan suna ɗauka motsin ruwan don kwalliya ne. Murjani dabba ce, amma dabbar da ba ta tashi daga inda take, ba ta da huhu, ba ta da jini mai zagayawa. Duk abin da za ta shaƙa ko ta ci, ruwa ne zai kawo mata har baki. Duk abin da za ta fitar, ruwa ne zai kwashe. Kuma ruwan da ke manne da jikin kowane abu ba ya gudu. Akwai wani siririn rufi na ruwa mai tsayuwa a kan fatar murjani, wanda iska da sinadarai ke ratsawa a hankali, da kyar. Idan ruwa ya kwanta, rufin yakan yi kauri ya kai milimita ɗaya ko fiye. Idan ruwa na kaɗawa sai ya sirance. Da rana, 'yan ƙwayoyin gansakukar da ke zaune cikin naman murjani suna haɗa abinci da haske, suna fitar da oksijin har ya yi yawa ya taru a fata ya zama cuta idan ba a kwashe shi ba. Da dare kuma labari ya juya, oksijin ne ke ƙarewa a wurin. A duka biyun kaɗawar ruwa ce mafita. A 2014 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka da cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun nuna cewa murjani yana da 'yan ƙananan gashi a fata da ke juya ruwan da ke kusa da shi, wato shi ma yana iya ƙoƙarinsa. Amma wannan ƙoƙari na milimita ɗaya ko biyu ne, ba zai share guiɓin da ya zauna a kan faranti ba.

Wahalar tankin gauraye irin nawa a nan take. Yawancin Acropora a teku suna zaune ne a saman tsaunin murjani, inda igiyar ruwa ke fashewa dare da rana. Euphyllia ya fi son gangare da wuraren da suka samu kariya. Discosoma kuwa ɗan lungu ne, mai son inuwa da ruwa mai sanyin tafiya. A teku tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. A falona santimita 120 ce.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sababbin famfuna biyu sun iso daga Legas. Masu farfela ne, faffaɗan baki, ana manna su da maganaɗisu ta bayan gilashi, suna aiki da bolt 24, kowanne da na'urar rage gudu da ƙarawa. Iyakar ƙarfin kowanne lita 8,000 a awa. Na so irin VorTech na kamfanin EcoTech da ke Amurka, saboda motarsa a wajen gilashi take, farfela kaɗai ke cikin ruwa, don haka zafin motar ba ya shiga tanki, abin da ke da muhimmanci ga mutumin Kano. Akwai kuma Tunze na Jamus, da Gyre na Maxspect mai doguwar farfela a kwance da ke shimfiɗa ruwa faɗi-faɗi. Canjin dala ne ya yanke hukunci.

Na cire tsohon, na manna sababbin suna fuskantar juna, ɗaya a gilashin dama ɗaya a na hagu, na kunna su a kashi 60 cikin 100. Kafin in ajiye tawul tankin ya yi fari fat. Yashina mai laushi ne ƙwarai, kuma inda ruwan biyu suka yi karo a tsakiya sai suka nutsa ƙasa suka tona rami har gilashi ya bayyana. Yashin da ya tashi ya sauka a kan Zoanthus, suka rufe bakuna gaba ɗaya. Na rage zuwa 35, na ɗaga famfunan zuwa santimita 12 daga saman ruwa, na karkata bakinsu sama kaɗan. Yashi ya lafa. Na bi Zoanthus da Montipora da sirinji na kakkaɓe musu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Euphyllia na dama ya ƙi buɗewa sosai. Yatsunsa duk sun kwanta gefe ɗaya, kuma a ɓangaren da ruwa ke buga shi naman ya ja baya har ana hango farin ƙashi. Wannan ba abin wasa ba ne. Ƙashin Euphyllia yana da kaifafan ɓangarori a tsaye, naman kuwa ruwa ne yake cika shi ya kumbura a kansu. Idan ruwa ya yi ta danna naman a kan kaifin, yankewa yake yi, kuma ta wannan rauni ne ruɓewar nan mai launin ƙasa-ƙasa ke shiga, wadda kan cinye kai guda cikin ɗan lokaci ta tsallaka na kusa. Kada garin neman gira a rasa ido: jan yauƙi a yashi muni ne kawai, wannan kuwa asara ce.

Gyara biyu na yi. Na daina sa famfunan su fuskanci juna kai tsaye. Na dama na matsar da shi kusa da gilashin baya, na hagu kusa da na gaba, don ruwa ya zagaya dutsen maimakon ya yi karo a tsakiya. Sannan na sauya su daga gudu ɗaya tsayayye zuwa tsarin da ke hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba, tsakanin kashi 20 da 50. Shi kuma Euphyllia na sauke shi ƙasa, bayan wani ƙwarjinin dutse da ke karya ƙarfin ruwan.

Abin da nake nema a jikinsa shi ne yatsu su tafi dama, su dawo hagu, su ɗan tsaya, babu wanda ke lanƙwashe a kan ƙashi. Wannan ya fi mini kowane adadi da na'ura za ta nuna.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Euphyllia ya cika ya rufe ƙashinsa. Jan yauƙin kusurwa ya ragu da fiye da rabi, na zuƙe sauran da tiyo lokacin canjin ruwa. Auduga mai tace ruwa a tankin ƙasa tana yin baƙi da wuri fiye da da, kuma haka ake so: dattin da ke kwanciya a yashi yanzu yana tashi ya bi makwarara.

Sarcophyton ya rufe yatsunsa kaf, kansa ya yi sheƙi. Ƙaramar 'yata ta tsaya gaban gilashi ta ce, "Baba, wannan ya mutu ne?" Na ce, "A'a, Mamana, saɓa zai yi." Haka ɗabi'arsa take: lokaci-lokaci yakan rufe, ya fitar da wata siririyar fata mai santsi da ke ɗauke da dattin da ya hau kansa, ruwa ya yaye ta. A ruwa mai kwanciya fatar takan daɗe manne, wani sa'in har ƙasanta ya fara ruɓewa. Wannan karon gefenta ya riga ya fara ɗagowa yana filfilwa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hazo ya sauko sosai a makon nan, kuma duk rufe tagar da ake yi ƙura sai ta shigo. Idan na durƙusa na kalli saman ruwa daga ƙasa, ina ganin wani fatar maiƙo-maiƙo da ƙura a kai, ta taru a ɓangaren da ya yi nisa da makwarara. Ta saman ruwa ne oksijin ke shiga, iskar kabon ke fita, don haka wannan fata murfi ce. Na juya bakin bututun dawowa ya kalli sama, yana tura saman ruwa zuwa wajen makwarara. Cikin awa ɗaya fatar ta wuce.

Amma komai da kuɗinsa. Iskar hunturu busasshiya ce, kuma da saman ruwa ya fara rawa sai ƙafewa ta ƙaru, daga wajen lita 3 a yini zuwa kusan 5. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, saboda haka lita 5 a tanki irin wannan kan ɗaga gishiri daga 35 zuwa wajen 35.5 a yini guda idan ba a cike ba. Na'urar cikawa tana yin aikinta da tataccen ruwa marar gishiri, sai dai jarkarta da ke kai ni mako yanzu ba ta kaiwa. Ga kuma farin gishiri da ke bushewa a bakin gilashi da jikin fitila inda ruwa ke fantsama, sai an bi da jiƙaƙƙen tsumma.

Wani amfani da ban nema ba: tunda bakin bututun ya dawo santimita 2 kacal ƙarƙashin ruwa, idan famfo ya tsaya, ruwan da zai zuƙe ya koma ƙasa ta bututun kaɗan ne kafin iska ta shiga ta katse shi. Kowace santimita ɗaya a saman wannan tanki lita 6 ce. Na kashe famfon da gangan na tsaya ina kallo: tankin ƙasa ya ɗauke duka, da sauran wuri.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na gwada igiyar nan mai lilo da ake gani a bidiyo, inda ruwan tanki gaba ɗaya ke tafiya dama ya dawo hagu. Kowane tanki yana da nasa lokacin lilo, gwargwadon tsawonsa da zurfinsa; idan bugun famfo ya dace da shi, ƙaramin ƙarfi ma sai ya tada babbar igiya. Na riƙa murɗa makunnin a hankali. A ƙasa da daƙiƙa ɗaya babu komai sai hargitsi. Da bugun ya kai wajen daƙiƙa ɗaya da sulusi, nan take ruwan ya kama, gefe yana hawa santimita 3 yana sauka, komai na cikin tankin yana rausaya tare.

Abin sha'awa ne, ba musu. Amma makwarara ta shiga yin gwaf-gwaf, ruwa na shiga yana yankewa, har ana ji daga ɗaki. Kuma wannan nauyi ne na kilo ɗari biyu da hamsin yana jijjiga gilashin da gam ɗin silikon kaɗai ya riƙe, sau dubbai a awa. Tankin da aka ƙera don haka daban yake. Nawa mai haɗa gilashi ne ya yi shi a gari, kuma ya yi aiki mai kyau, amma ba mu yi da shi za a riƙa lilo ba. Sannan da na zura zare bayan dutse, na ga lilon yana kai ruwa ya dawo da shi wuri ɗaya ne, ba ya kwashe guiɓi ya kai makwarara. Na mayar da tsarin da.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya ba ni abin da ban saba samu ba, wato ganin tankin da asuba. Na'urar famfunan tana da ido mai gane duhu, idan fitila ta mutu sai ta rage gudu da kanta zuwa mafi ƙanƙanta, wai don kifi su huta. Bayan sahur na haska da tocila mai jan haske. Chromis suna cikin rassan dutse, amma kumatunsu na bugawa da sauri. Ma'aunin pH, wanda lambarsa ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, ya nuna 7.8, alhali da yamma 8.2 yake nunawa. Sauka da dare dole ne, domin babu mai haɗa abinci da haske, kowa shaƙa yake yi yana fitar da iskar kabon, daga kifi har murjani har bakteriyar cikin dutse. Amma ke nan daidai lokacin da oksijin ya fi ƙaranci shi ne lokacin da na'ura ta ga dama ta kwantar da ruwa. Ni a ganina wannan tsari an yi shi ne don jin daɗin mai tanki, ba don na cikin tanki ba. Teku ba ya tsayawa don dare ya yi. Kifin da ke son barci ya san ramin da zai shiga.

Na toshe idon, na sa dare ya riƙa tafiya a kashi 30, ƙasa kaɗan da matsakaicin rana.

Wani abu kuma da tocilar ta nuna: Euphyllia na hagu ya zuro wasu yatsu dogaye, sun ninka na rana tsawo, kuma ruwa na ɗaukar su yana shafa gefen Montipora. Waɗannan na faɗa ne, dafi ne a bakinsu. Ga dalilin farin tabon da nake gani a gefen farantin ina zargin haske. Tun da na sauya zagayen ruwa, Montipora ya koma ƙarƙashin ruwan Euphyllia, wato duk abin da ya fito daga wannan sai ya bi ta kan wancan. Na matsar da Montipora taƙi guda zuwa sama.

Lahadi, 16 ga Maris

An ɗauke wuta tun la'asar, hadarin ƙura ya hana sola caji sosai, inbata ta yi ƙara ta mutu cikin dare. Janareta ya cece mu. Tanki yana iya kwana biyu babu fitila ba abin da zai same shi, amma ruwa a tsaye cikin zafi, 'yan awoyi sun isa kifi su fara haki a sama.

Na kira mai gyaran wuta. Ya juya famfon a hannu ya karanta jikinsa ya ce, "Alhaji, wannan ɗan abin za a yi wa batir nasa na kansa? Ai cinsa bai kai na ƙwan fitila ba." Na ce, "Malam, shi ya sa ma. Firji ya mutu, fanka ta mutu, amma wannan kada ya tsaya." Ya haɗa ƙananan batura biyu masu bolt 12 a jere suka ba da 24, da caja, da 'yar na'urar da ke juyawa kansu da zarar layin gida ya yanke. Kowanne amfiya-awa 7 ne. Famfon a ƙaramin gudu yana cin wajen wat 10, don haka ko rabin cajin aka sha an samu awa takwas. Na zaɓi famfon hagu, na ɗan ƙara ɗaga bakinsa, don ko shi kaɗai ya rage yana aiki ya riƙa fasa saman ruwa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Zafi ya kankama, waje yana haura digiri 40. Tankin ya taɓa 28.4 da yamma. Duk wat ɗin da famfon cikin ruwa ya ci, a ƙarshe zafi yake zama a cikin ruwan, saboda haka abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya rage famfuna. Ban rage ba. Ruwa mai ɗumi yana riƙe oksijin kaɗan, murjani kuma a zafi ya fi buƙatar a kwashe masa abin da ke taruwa a fata. Bayan koɗewar murjani ta 1998, lokacin da zafin ruwa ya sa murjani ya yi fari a tekuna da dama, Nakamura da van Woesik sun yi gwaji a Okinawa ta Japan, suka buga a 2001: Acropora da aka sa a ruwa mai zafi amma mai gudu ya rayu, wanda aka sa a zafi iri ɗaya cikin ruwa mai kwanciya ya koɗe ya mutu. Wat ashirin da 'yan kai na famfunan igiya ba su ne za su dafa tankin ba.

Abin da na rage shi ne fitila: na sauke ƙarfinta kaɗan, na kuma matsar da lokacinta ya fara bayan la'asar ya kai dare, don kada zafinta ya haɗu da na tsakar rana. Na ɗora ƙananan fankoki biyu suna hura saman ruwa, na buɗe ƙofar kabad. Ƙafewa ita ke sanyaya ruwa, kuma saman da ke rawa ya fi ƙafewa, ga shi iskar Kano a wannan wata har yanzu a bushe take. Ya sauko 26.8. Jarkar cikawa kuwa na sauya ta da babba. Idan damina ta matso iska ta yi laima, wannan dabara za ta rage aiki, lokacin sai a yi maganar injin sanyaya ruwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na lura guiɓi ya fara zama a kan farantin Montipora, alhali ban taɓa makunni ba. Na ciro famfon dama. Kejinsa ya yi ɓawon gansakuka mai ƙashi, ruwan hoda da shunayya, wadda ake murna da ita a kan dutse amma a nan ta toshe kusan rabin ramukan. A gindin farfela ga gashin koren gansakuka ya nannaɗe, da wata 'yar katantanwa da ta maƙale. Na'ura tana nuna 45, amma ruwan da ke fita bai kai haka ba ko kusa.

Na jiƙa shi a ruwan ɗumi da garin sitirik asid, wajen cokali uku a lita ɗaya, na bar shi yana juyawa a cikin bokiti. Ɓawon ya yi ta kumfa yana narkewa, sauran na goge da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye sosai da tataccen ruwa. Ruwan khal ma yana yi, sai dai ya fi jinkiri ga wari. Na duba maganaɗisun ko robarsa ta tsage, domin idan ruwan gishiri ya shiga ya yi tsatsa, guba yake saki a tanki. Lafiya lau yake.

Da na mayar da shi a kan 45 ɗin nan dai, yashi ya tashi a gaban gilashi. Sai da na sauke zuwa 38. Na hagu sai mako mai zuwa. Ba na wanke biyun rana ɗaya, don kada ƙarfin ruwa ya yi tsalle a kan murjanin da ya saba da raguwarsa a hankali.

Asabar, 26 ga Afrilu

Acropora ya shimfiɗa gindi a kan dutse ya fitar da sababbin kawuna uku masu fararen baki, alamar girma. Bakunansa suna fitowa har da rana, suna karkarwa. Rassan kuma ba su karkata gefe ɗaya ba, wanda ke nuna ruwan yana zuwar masa ta fuskoki daban-daban.

Seriatopora ne ya kawo sabon aiki. Ya yi girma har rassansa sun cushe, kuma da na leƙa da tocila na ga na can ciki sun yi fari daga gindi, guiɓi ya zauna a tsakaninsu. Ruwa yana bugun wajen ya kewaye, ba ya ratsawa. Bayansa kuma, inda Discosoma suke, zare ya koma rataye. Su dai sun ji daɗi, sun baje sun ƙara faɗi, amma yashin gabansu ya fara canza launi. Girman murjani ya sauya fasalin dutsen da na tsara ruwa a kansa a Fabrairu.

Na karya rassa huɗu daga tsakiyar Seriatopora da ɗan filaya, na manna su a kan ƙananan duwatsu da gam, na jera a gaba inda ruwa ke wucewa. Na sauke famfon hagu da santimita 5 don ya doshi gindin rassan, na ɗaga iyakar hawansa zuwa 55, na bar na dama yadda yake. Sau ɗaya a yini, bayan an ba kifi abinci da awa guda, na sa su duka biyun su tashi zuwa 70 na minti biyar su tayar da abin da ya kwanta. Euphyllia yana jure minti biyar ɗin, na tsaya na gani. Idan zuwa tsakiyar Mayu farin cikin rassan bai tsaya ba, zan ƙara ƙaramin famfo na uku a gilashin baya, ƙasa-ƙasa, kuma sai an sake kiran mai wuta, domin soket ɗin kabad ya cika.